Yadda ma'aikacin gwamnati da aka tura aiki ƙasar waje zai rage kuɗin haya da na kayan ɗaki

Ma'aikacin da aka tura ofishin jakadancin Najeriya a wata ƙasa, ko jami'in diflomasiyya ne daga Ma'aikatar Harkokin Waje, ko jami'in kuɗi, ko na shige da fice, ko hafsan soja na sashen tsaro, yakan yi shekara uku zuwa huɗu a wurin, kuma babu abin da ke cin kuɗi a wannan zama kamar muhalli da abin da za a zuba a cikinsa. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da Naira 1,500 a farkon 2024. Da yake da Naira ake rubuta kasafin ofisoshin jakadanci, alhali da Fam ko Yuro ko Dala ake biyan haya, abin da ke isa hannun ofis ya ragu ƙwarai, kuma jinkirin isowarsa yakan faɗa kan ma'aikaci da iyalinsa kafin kowa. Galibin asarar da ake yi a wannan harka tana faruwa ne a makonnin farko, lokacin da mutum yake gaggawar samun wurin kwana, da makonnin ƙarshe, lokacin da yake gaggawar tashi. Saboda haka duk matakan da ke tafe an gina su ne a kan abu guda, wato ka riƙa lissafa ranar tashinka tun ranar da ka sauka, domin tun ran gini tun ran zane.

Mataki na farko: ka san haƙƙinka a rubuce

Kafin ka bar Abuja, ka nemi sashen mulki na ma'aikatarka ya nuna maka a takarda abin da matakin albashinka ya ba ka. Akwai tambayoyin da dole ka samu amsarsu: shin ofis ne zai kama gidan da sunansa ko kuwa alawus za a ba ka ka kama da kanka, mene ne iyakar kuɗin hayar da aka amince wa matsayinka a wannan birni, wa zai biya kuɗin ajiya (wanda ake bayarwa jingina, a mayar idan an tashi) da la'adar dillali, wa zai biya wuta da ruwa da gas, kwana nawa gwamnati za ta ɗauki nauyin otal, kuma nauyin kaya nawa za ta yi maka jigilarsa zuwa da dawowa. Maganar baka ba ta isa a nan ba, domin duk abin da ka kashe bisa alkawarin da ba a rubuta ba, mai binciken kuɗi zai ɗauke shi a matsayin ganin damarka ne. Masu aikin sa-kai na shirin tallafa wa ƙasashe da ƙwararru, wanda Najeriya ta kafa a 1987, nasu tsarin daban ne, domin ƙasar da ta karɓe su ce ke ba su masauki, kuma abin da ya kamace su shi ne su tambayi abin da ke cikin masaukin kafin su sayi ko da cokali.

Mataki na biyu: ka nemi wanda za ka gada

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane sauƙi kuma ya fi kowane riba, amma da yawa ba sa yin sa da wuri. Jami'in da zai bar kujerar da za ka hau yana da gida wanda ofis ya san mai shi, yana da firji da injin wanki da labulen da aka ɗinka daidai tagogin gidan, kuma yana neman wanda zai karɓe masa su. Idan ka gaji hayarsa ka tsira daga la'ada, ka tsira daga zaman otal, sau da yawa kuma ka gaji tsohon farashin da ba a ƙara ba. Ka roƙe shi ya ɗauki bidiyon gidan ɗaki bayan ɗaki, ya aiko maka da takardun biyan wuta da gas na wata goma sha biyu, domin takardar watan bazara ba ta nuna abin da hunturu ke ci. Ka kuma tambayi shugaban sashen mulki na ofishin ko akwai kayan gwamnati a sito, saboda ofisoshin da suka daɗe sukan tara gadaje da tebura da kujerun da jami'an baya suka bari, waɗanda gyaran kafinta na yini ɗaya zai mayar da su masu amfani.

Mataki na uku: ka tantance abin da za ka ɗauka daga gida

Yarjejeniyar Biyana (Vienna) ta 1961 kan hulɗar diflomasiyya, a sashe na 36, ta yafe wa jami'in diflomasiyya kuɗin fito a kan kayan amfaninsa da na iyalinsa, har da kayan da zai kafa gida da su. Sashe na 37 ya ba ma'aikatan mulki da na fasaha wannan sauƙi, amma a kan kayan da suka shigo da su a farkon zuwansu kaɗai. Abin lura shi ne cewa an yafe kuɗin fito ne, ba a yafe kuɗin ajiya a tashar jirgin ruwa ko na dako ba. Takardar izinin fitar da kaya ba tare da haraji ba kuwa, galibi ba a bayar da ita sai ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta yi maka rajista ta ba ka katin shaida, wanda yakan ɗauki makonni. Idan kwantenarka ta riga katin isa, kowace rana kuɗin zaman tasha yana hawa. Don haka ka daidaita ranar lodin kaya a Apapa ko Tin Can da lokacin da kake sa ran kammala rajista, ka bar kayan su biyo ka a baya.

Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin kubik mita 33 na kaya, mai ƙafa 40 kuma kusan ninkinta, amma iyali mai matsakaicin girma da ba zai ɗauki gado da kujeru ba ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu gaba ɗaya, yana iya sayen gurbi a kwantenar haɗaka ya biya daidai abin da ya cika. Manyan kujerun falo irin na gida da gadaje masu faɗin allo ba su cancanci jigila ba, domin ƙofofi da matakalar benen gidajen Landan ko Faris ƙanana ne, kuma girman katifa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da ya cancanci ɗauka shi ne wanda ba shi da nauyi a nan amma yake da tsada ko wuyar samu a can: manyan tukwane na tuwon baƙi, madambaci, muciya, kuloli, zannuwan gado, dardumai, tabarmi, da kayan ado na fata da na saƙa waɗanda za su ƙawata falon da za a karɓi baƙi a cikinsa fiye da duk wani abin da za ka saya a kanti. Kada ka cusa kilishi ko wani nama a cikin kayan, domin Birtaniya da Tarayyar Turai da Amurka duk sun hana shigo da shi ta wannan hanya, kuma ƙunshi ɗaya yana iya sa a tsare kwantenar baki ɗaya.

Sai batun wuta, wanda ke jawo asara mai yawa. Wutar Najeriya bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, kuma soket ɗinmu mai baki uku irin na Birtaniya ne, saboda haka kayan wutar da ka ɗauka za su yi aiki a Landan ko Akara ba tare da matsala ba. A Jamus da Faransa ƙarfin wutar ɗaya ne, kan filogi ne kawai za a sauya. A Amurka da Kanada kuwa bolt 120 ce mai bugu 60, don haka firji ko injin niƙa ko dutsen guga na gida ba zai yi aiki ba sai da taransifoma, wadda sau da yawa kuɗinta ya kai na sabon kayan. Saudiyya ma bugu 60 take amfani da shi, kuma akwai tsofaffin gidajen da har yanzu ke da layin bolt 127, saboda haka mai zuwa Jidda ko Riyad ya bar duk abin da ke da injin juyawa, ya saya a can.

Mataki na huɗu: neman gida

Idan ba ka gaji gida ba, kada ka kama haya daga nesa bisa hoto, kuma kada ka zauna a otal har kwanakin da aka ba ka su ƙare. Ka nemi ɗaki mai madafa na wata ɗaya, inda iyali za su dafa abincinsu, ka yi amfani da watan wajen zagayawa da ƙafarka. Masu gidaje a unguwannin da jami'an diflomasiyya suka taru, kamar Zamalik da Ma'adi a Alƙahira, suna da farashin ɗan ƙasa da farashin baƙo, kuma da zarar dillali ya ji sunan ofishin jakadanci yakan fara da na biyun. Ka tafi da ɗaya daga cikin ma'aikatan ofishin 'yan ƙasar, direba ko magatakarda da ya daɗe yana aiki, ya fara tambayar farashi kafin a san ko kai wane ne. Kada ka faɗa wa dillali iyakar kuɗin da gwamnati ta amince maka, domin duk gidan da zai nuna maka daga nan farashinsa zai tsaya daidai wannan iyaka.

Wajen kwatanta gidaje, ka haɗa haya da kuɗin ɗumama ko sanyaya gida, da kuɗin mota ko jirgin ƙasa zuwa ofis, da nisan makarantar yara, sannan ka ninka da watannin da za ka yi. Misali, bambancin Fam 200 a wata yana zama Fam 7,200 a shekara uku. A Landan, fita daga tsakiyar birni zuwa shiyya ta uku ko ta huɗu ta jirgin ƙarƙashin ƙasa yana rage haya sosai, amma yana ƙara kuɗin tikiti ga kowane babba a gidan, don haka sai an haɗa lissafin biyu kafin a san gaskiya. Kowane gidan haya a Ingila yana da takardar shaidar cin makamashi mai maki daga A zuwa G, kuma gida mai makin C zai rage maka kuɗin gas a hunturu fiye da mai makin E ko da hayarsa ta ɗan ɗara. A Jamus ka bambance tsurar haya da wadda aka haɗa da ɗumama da sauran hidimomi, kuma ka tambaya ko akwai kayan madafa, domin gidaje da yawa a can ana bayar da su ne babu kabad, babu murhu, babu ko wurin wanke kwano, sai bututun ruwa da ke fitowa daga bango.

A nan zan faɗi ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba. Ɗakin baƙi da ake kamawa saboda 'yan uwa da za su zo hutu ko asibiti yana daga cikin abubuwan da suka fi cinye kuɗin ma'aikatanmu, musamman a Jidda da Alƙahira da Landan. Karɓar baƙo al'adarmu ce mai kyau da ba za a bari ba, amma kujera mai buɗewa ta zama gado a falo, ko katifu biyu da ake naɗewa, suna biyan wannan buƙata ba tare da an biya hayar ɗakin da zai zauna a rufe mafi yawan shekara ba.

Mataki na biyar: yarjejeniyar haya

Wannan takarda ita ce za ta yanke ko za ka fita lafiya ko za ka fita da bashi, kuma kada ka sa hannu sai lauyan ofis ko wani masanin dokar ƙasar ya karanta ta. Abu na farko da za ka nema shi ne sharaɗin diflomasiyya, wato sakin layin da ya ba ka damar katse haya da sanarwar wata biyu ko uku idan gwamnati ta mayar da kai gida ko ta sauya maka wurin aiki. Kira gida yana iya zuwa ba zato, kamar yadda aka kira kusan dukkan jakadun Najeriya a watan Satumban 2023, kuma wanda ba shi da wannan sharaɗi zai biya hayar gidan da ba ya ciki har wa'adi ya cika. Abu na biyu shi ne a rubuta haya da kuɗin ƙasar, a kuma ƙayyade ƙarin da za a iya yi a shekara ta biyu da ta uku tun yanzu. Mai gida yana son ɗan haya da zai daɗe, don haka alkawarin shekara uku makami ne a hannunka wajen neman ragi ko neman ya yi fenti ya sauya murhu kafin ka shiga.

Ka san iyakar da doka ta sa wa kuɗin ajiya. A Ingila, dokar 2019 ta ƙayyade shi a hayar mako biyar idan hayar shekara ba ta kai Fam 50,000 ba, ta kuma hana dillalai karɓar yawancin kuɗaɗen da suke ɗora wa ɗan haya a da, sannan dole mai gida ya saka kuɗin a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Sai dai wannan kariya ta mutum ce da ya kama gida da sunansa, idan ofis ne ya sa hannu a matsayin ɗan haya ba ta aiki, don haka sai a rubuta sharuɗɗan mayar da kuɗin dalla-dalla a cikin yarjejeniyar. A Jamus iyakar ita ce tsurar hayar wata uku, kuma kana da damar biya a kashi uku, sannan tun 2015 wanda ya ɗauko dillali shi ke biyansa. A Faransa hayar wata ɗaya ce ga gidan da babu kaya, wata biyu ga mai kaya. A jihar New York wata ɗaya ne tun 2019. A Ghana dokar haya ta 1963 ta hana karɓar hayar fiye da wata shida a gaba, ko da yake masu gidaje a Akara sukan nemi shekara ɗaya ko biyu, kuma sanin dokar yana ba ka abin da za ka tsaya a kai wajen ciniki. A Saudiyya ka tabbatar an yi wa hayar rajista a manhajar Ejar, a Dubai kuma a tsarin Ejari, domin da wannan rajista ne za ka iya kai ƙara idan rikici ya taso.

Masu gidaje da yawa suna tsoron ba jami'in diflomasiyya haya saboda rigar kariyar da ke hana su kai shi kotu, kuma wasu za su nemi ka sa hannu cewa ka yafe ta. Ba ka da ikon yin haka, domin sashe na 32 na yarjejeniyar Biyana ya ce ƙasar da ta turo jami'i ce kaɗai ke iya cire masa kariya. Abin da ke kwantar musu da hankali shi ne wasiƙa daga ofis da ke tabbatar da matsayinka da wa'adin aikinka, da kuma biyan haya a kan lokaci, domin jami'i ɗaya da ya bar bashi yakan sa a ƙara wa duk waɗanda suka biyo bayansa farashi.

Ranar karɓar makulli, ka bi gidan tare da mai shi ko wakilinsa, ku rubuta halin da kowane abu yake ciki. Ka ɗauki hoton tabon da ke kan kafet, da tsagar da ke jikin tayil na banɗaki, da ƙofar kabad ɗin da ba ta rufuwa, da lambobin mitar wuta da gas da ruwa, ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kwafi.

Mataki na shida: sayen kayan ɗaki

A makon farko ka sayi abin da ba a kwana sai da shi kawai: katifu, firji, murhu, labule, da teburin cin abinci da yara za su yi karatu a kai. Sauran ka jira wata ɗaya ko biyu, domin zama a gida ne ke nuna abin da ake buƙata da gaske. Katifa da matashin kai a saye su sababbi, saboda kuɗin cizo ya yawaita a manyan biranen Turai da Amurka, kuma feshin kawar da shi yana iya cin fiye da abin da ka rage. Amma tebur da kabad da kantar littattafai da katakon gado, na hannu sun wadatar. A Birtaniya akwai shafukan intanet na Gumtree da Freecycle da shagunan kayan ɗaki na British Heart Foundation, a Faransa akwai shafin Leboncoin da shagunan Emmaüs, a Jamus akwai shafin Kleinanzeigen, a Saudiyya akwai shafin Haraj da kasuwannin gwanjo, a Dubai akwai shafin Dubizzle, sannan Facebook Marketplace yana kusan ko'ina. Shagunan IKEA suna da sashe kusa da wurin biyan kuɗi inda ake sayar da kayan da aka yi nuni da su ko waɗanda aka dawo da su a kan rangwame. Mafi kyawun gwanjo shi ne na jami'an wasu ofisoshin jakadanci da ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya masu tashi, galibi a ƙarshen shekarar karatu wajen Yuni da Yuli, domin kayansu masu kyau ne kuma lokaci ya ƙure musu. A Birtaniya ka duba cewa kujera mai soso tana ɗauke da tambarin kariyar gobara, domin idan babu shi shagunan sadaka ba za su karɓa ba ranar da kake son rabuwa da ita.

Ga abin da za ka saya sabo, ka tambayi ofis hanyar samun sauƙin haraji. A Amurka, ofishin kula da ofisoshin jakadanci na ma'aikatar harkokin wajensu yana bayar da katin yafe harajin saye bisa tsarin ba-ni-in-ba-ka tsakanin ƙasashe, wasu ƙasashen Turai kuma suna mayar da harajin kaya idan an gabatar da rasit mai ɗauke da sunan jami'i. A Ingila gidan da jami'in diflomasiyya ke zaune a ciki ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, amma sai an sanar da hukumar. Kuɗin hidima irin na ruwa kuwa ana biyansa kamar kowa. Ka ware fayil biyu tun ranar farko, ɗaya na kayan da aka saya da kuɗin gwamnati, ɗaya na waɗanda ka saya da aljihunka, domin na farkon amana ne da za ka miƙa a lissafe. Kada kuma ka ba da hayar wani ɗaki na gidan don cike giɓi, saboda sashe na 42 na yarjejeniyar Biyana ya hana jami'in diflomasiyya yin kasuwanci don ribar kansa a ƙasar da yake aiki.

Mataki na bakwai: shirin tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata uku kafin wa'adinka ya cika, ka aika wa mai gida sanarwa a rubuce yadda yarjejeniya ta tsara, ka tuntuɓi wanda zai gaje ka da jerin kayanka da farashinsu, sannan ka fara sayar da ragowar daga waɗanda ba ka amfani da su kullum, ka bar firji da katifu zuwa makon ƙarshe. Abin da ka shigo da shi ba tare da kuɗin fito ba, ka nemi izinin hukumar ƙasar kafin ka sayar wa wanda ba jami'in diflomasiyya ba, domin ƙasashe da yawa suna neman a biya harajin da aka yafe idan ba a cika wani wa'adi ba. Kayan wuta na Amurka ba su da amfani a gida, a sayar da su a can. Ka toshe ramukan ƙusa, ka sa a wanke murhu da kafet, ka fito da takardar da kuka sa wa hannu ranar shiga da hotunanta, ku sake bin gidan tare da mai shi da rana. Ka rubuta lambobin mita na ƙarshe, ka rufe asusun wuta da gas da intanet da sunanka, ka bar asusun bankinka na ƙasar a buɗe har kuɗin ajiya ya shigo. Idan gwamnati ce ta biya wannan kuɗi tun farko, ka mayar da shi ga jami'in kuɗi na ofis, ka karɓi rasit, ka saka kwafinsa a cikin takardun miƙa aiki tare da jerin kayan gwamnati da lambar wayar mai gidan.